Mu da Shanyar Ɗaki

Mu mutane ne masu son ƙamshi, wannan ko maƙiyinmu ya shaida. Magidanci ya iya fita bai karya kumallo ba, amma ba ya fita bai shafa turare ba. Amarya ba a kai ta ɗaki sai da kwalaben humra da turaren wuta da kasko da kabbasa. Daga Kurmi ta Kano har kasuwannin Maiduguri, ba a taɓa jin 'yan turare suna kukan rashin ciniki ba. Sai dai akwai wani ɗan tsakani a kowace shekara da duk wannan ɗawainiya take tashi a tutar babu, wato idan marka ta kankama a watan Agusta, gari ya yi lumshi, rana ta yi ɓatan dabo kwana biyu ko uku, sanyi ya sauko, kowa ya kwashe shanyarsa ya yi ɗaki da ita.

Abin yakan fara ne da ihu. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa ƙyauren langa-langa, sai ka ji wata ta ƙwala daga madafa: "Ruwa! A kwashe shanya!" Nan take tsakar gida ta hargitse. Ba mai tambayar na wane ne, duk abin da hannu ya kai gare shi a kan igiya sai a rungumo. A gidan haya ma da wannan ake gane zurfin gaba. In kuna 'yar tsama da maƙwabciyarki amma ta kwashe miki kaya kina unguwa, to rigimar ba ta yi nisa ba, gobe ma a gaisa. In kuwa kin dawo kin tarar ta tsince nata ɗaya bayan ɗaya ta bar naki yana ɗiga, sai a nemo manya su shiga tsakani.

Kayan da aka kwaso kuma ina ake kai su? A jibge su a baho, ko a ƙarshen gado, rabi busasshe rabi jiƙaƙƙe, na yara da na manya, tawul da ɗankwali, a ce bari ruwa ya tsagaita. Ruwa kuwa ya ce bai san zance ba. Sai bayan sallar isha'i a tuna da su, a ɗaure igiya daga ƙusar labule zuwa ƙusar kalanda. Ƙofa ta ɗauki tawul, kujera ta ɗauki wandon makaranta, igiyar gidan sauro ta ɗauki safa. Fanka mai tsayuwa, wadda ita ce ya kamata ta busar da kayan, ita ma an rataya mata singileti biyu a ka. Ɗaki ya koma rumfar 'yan gwanjo, baƙo in ya yi sallama sai an ce masa, "Sunkuyo, Malam, kada rigar Alhaji ta cire maka hula." Daga nan sai mu yi abin da muka fi ƙwarewa a kai: mu rufe taga ruf saboda sanyi da sauro, mu toshe ƙasan ƙofa da tsumma, mu ja bargo.

Sakamakon ba ya fitowa sai ranar Juma'a. Ga shadda ta sha sitati, ta sha guga, an feshe ta da turare mai tsada, mai ita ya fito yana taku ɗai-ɗai. A gida lafiya lau. Ya isa masallaci, aka tsuke sahu kafaɗa da kafaɗa, ɗumin jiki ya ratsa rigar, ɗan gumi ya tsattsafo. Sai wani tsami-tsami ya fara tasowa daga wuyan riga, shi ba wari ba, shi ba ƙamshi ba, irin na tsumman goge-goge da ya kwana a jiƙe. Na dama ya saci kallon na hagu, na hagu ya saci kallon na gaba. Mai rigar ma har da shi a ɗaure fuska, yana mamakin mutanen da ba sa kula da tsafta. Ba munafunci ba ne, hanci ne yake saba wa warin da ya daɗe tare da shi har ya daina jin sa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

In an dawo gida kuma sai a kafa kotu. Maigida ya ce wankin ne ba a cuɗa ba. Uwargida ta ce sabulun yanzu duk kumfa ne ba aiki. Amarya ta ce ruwan rijiyar gidan nan ne, a gidansu ba ta taɓa jin haka ba. Hajiya mai gida ta leƙo ta ce, "Ku 'yan zamani ba ku iya wanki ba ne, mu da sabulun salo da kanwa muka yi namu, ba mu ji tsami ba." A ƙarshe a ɗora wa 'yar aiki ko babbar ɗiya, tunda su ba su da bakin kare kai.

Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma akwai waɗanda suka zauna suka bi diddigin wannan tsami har gindinsa. Mutanen Japan suna da tasu markar a watannin Yuni da Yuli, gidajensu na birni kuma ƙanana ne, don haka shanyar ɗaki a wurinsu babbar magana ce, har sabulu na musamman ake sayarwa dominta. A shekarar 2012 masu bincike na kamfanin Kao suka bayyana cewa babban mai laifin wata ƙwayar bakteriya ce mai suna Moraxella osloensis. Tana zaune a cikin zaren tufa, tana cin ragowar maiƙon jiki da dauɗar da wanki bai fitar ba, abin da take fitarwa kuma shi ne wannan wari. Ɗan mitsitsi daga cikinsa ya isa hanci ya kama. Ƙwayar tana da taurin rai, bushewa ba ta kashe ta da sauƙi, hasken rana ma tana jure masa fiye da 'yan'uwanta. Shi ya sa riga takan yi shiru a cikin akwati, amma da ta sake samun gumi ko yayyafi sai tsohon zance ya tashi. Abu biyu ƙwayar take nema ta hayayyafa: abinci da danshi mai daɗewa. Masu sabulu a Japan sukan ce a yi ƙoƙari kaya su bushe cikin awa biyar. Namu kuwa a marka yakan yi kwana biyu a kan igiya yana jiran ikon Allah.

To mu dubi yadda muke yi wa wannan ƙwaya hidima, tun kafin a kai ga igiya.

Na farko, tara wanki. Yaro ya dawo daga makaranta ruwa ya ba shi kashi, a tuɓe masa rigar a cusa a kwando. Maigida ya goge jiki da tawul, a cusa. Tsumman kicin ma ya bi su. Sai ranar Asabar za a waiwaye su, bayan sun yi kwanaki a dunƙule cikin ɗumi da laima. Kafin sabulu ya taɓa su an riga an gama ɓarna. Alhali da an baza jiƙaƙƙen a kan ƙofa ya sha iska kafin a jefa shi kwando, da rabin rigimar ta mutu.

Na biyu, jiƙo. Muna da imani mai ƙarfi cewa kayan da suka kwana a ruwan omo sun fi fita. A jiƙa da daddare da niyyar wankewa da asuba, gari ya waye da yayyafi, a ce sai an jima, wankin hula ya kai mu dare. Ranar da aka zo zubar da ruwan, kowa a gidan sai ya toshe hanci, amma ba wanda ya kawo a ransa cewa abin da ya ji a ruwan nan ya riga ya shige cikin zaren. Rabin awa zuwa awa ɗaya ya ishi jiƙo.

Na uku, yawan sabulu da ƙarancin ɗauraya. In kaya suka yi tsami, maganin da ya fara zuwa mana shi ne a ƙara omo. Kumfa ta cika baho har tana zuba, zuciya ta yi sanyi. Sai a zo ɗauraya a tuna kuɗin jarkar mai ruwa, a tsoma sau ɗaya a matse. Sabulun da ya rage a jikin tufa yana riƙe da dauɗar da ya kwaso, ita ce kuma abincin da ake magana. Abin dariyar shi ne a damina ne muke wannan tsumulmula, lokacin da indararo yake zubar da ruwa kyauta, ruwan da ya fi na rijiya kama sabulu. A bar na farko ya wanke ƙurar kwano, a tari na baya. Sai dai shi ma in ya yi mako a buɗaɗɗen duro ya fara canza launi, ba na wanki ba ne kuma.

Na huɗu, kunya. Akwai ƙananan kayan da ba ma yarda rana ta gan su, ba damina ba rani. A wanke su a ɓoye, a maƙale su a bayan ƙofar bayi, ko a shanya a lulluɓe da zani don kada suruki ya gifta ya gani. Wato kayan da suka fi kusa da fata, suka fi kowane buƙatar iska, su ne muke hana wa iska. Kunya ado ce, ba mai musu, amma ana iya ɗaura 'yar gajeriyar igiya a bakin tagar uwar ɗaka, inda ba idon kowa sai iska.

Yanzu ga lissafin da ya kamata a rubuta a manna a bangon kowane gidan haya. Wani bincike da aka yi a birnin Glasgow na Birtaniya a 2012 ya nuna wanki ɗaya na inji yana sakin ruwa kimanin lita biyu a cikin gida kafin ya bushe, wato ledar fiya wata huɗu. Wannan fa wanda inji ya matse ke nan, namu na matsar hannu ya fi haka ruwa. Ɗauki ɗakinmu na haya, ƙafa 12 da 12, tsayinsa ƙafa 10. In ɗumin ɗakin yana digiri 25 a ma'aunin salshiyos, duk iskar da ke cikinsa, ko da busasshiya ce ƙayau, ba za ta iya ɗaukar cikakkiyar lita ɗaya ba. A marka kuwa iskar ta riga ta ƙoshi, danshinta yakan kai kashi 80 cikin 100, gurbin da ya rage mata bai kai rabin leda ba. In sanyi ya ƙaru abin ya ƙara taɓarɓarewa, domin iska mai digiri 10 ba ta ɗaukar ko rabin abin da mai digiri 25 take ɗauka. To mun kawo leda huɗu, wuri bai kai na rabin leda ba, mun kuma rufe taga. Ina sauran zai tafi?

Ba inda zai tafi. Wani ya zauna a jikin kayan, wani ya shige katifa da labule da darduma, wani ya kwanta a bango. Bayan mako biyu a janye wadirof a ga bayanta ya yi baƙi, a ɗauko takalmin fata na zuwa biki a tarar ya yi gashi kore, a buɗe akwatin lefe a ga fumfuna ta yi wa leshi ɗigo-ɗigo. Sai a ce ɗakin ne mai ruma. Wani lokaci gaskiya ne, gini ne ba a yi shi da kyau ba. Amma sau da yawa mu muka ɗauko rumar a baho muka shigo da ita da hannunmu. Ba kaya kaɗai take ɓatawa ba, mai asma da ƙaramin yaro da tsoho su suke kwana suna shaƙar ta, a wayi gari da tari da toshewar hanci a ce sanyi ne ya kama su. Ga sauro kuma, ba abin da yake so irin tufafin da aka rataya a lungu mai duhu, nan yake yini yana jiran dare, a daidai watannin da zazzaɓinsa ya fi kwantar da mutane.

Da wari ya bayyana, sai mu koma ga abin da muka gada. A hura garwashi, a zuba turaren wuta, a kifa kabbasa, a lulluɓa rigar da ba ta gama bushewa ba. Hayaƙi ya shiga, ƙamshi ya kama, a ninke a adana. Ƙwayar tana nan daram, an dai yi mata kwalliya. Ranar da aka sa rigar, sandal da tsami su haɗu su haifi wani abu na uku wanda ba shi da suna, wanda duk wanda ya taɓa shiga motar haya a watan Agusta ya san shi. Turare ba ya wanki. Wurinsa yana can ƙarshe, bayan kaya sun bushe ƙayau.

A nan kuma raha za ta ɗan dakata, don akwai dabarunmu guda uku da suke iya kai mutum asibiti ko kushewa. Ta farko, kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki don kaya su bushe, ɗaki ya yi ɗumi. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana farawa da ciwon kai da jiri da nauyin barci, wani daga barcin ba ya tashi. Ɗakin mai jego ya fi kowanne shiga wannan haɗari: taga a rufe don kada sanyi ya kama ta, wuta a gefe, tsummokaran jariri a rataye ko'ina. In za a sa wuta, a bar taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta, kada kuma a rataya tufa a saman risho ko hita. Ta biyu, kafur. Muna watsa shi a akwati don korar wari da kyankyaso, har da akwatin kayan jariri. Likitocin yara a Najeriya sun daɗe suna gargaɗi a kan wannan, domin akwai jarirai da yawa, musamman maza, da ake haifa da wani rauni na gado a jininsu, waɗanda kafur yake fasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani. Kayan jariri da kafur ba su haɗa hanya ba. Ta uku, haɗe-haɗe. Wata ta ji an ce bilic yana kashe wari, ta ji an ce lemon tsami ma haka, ta ga ga ruwan wanke masai a gefe, sai ta ce bari ta haɗa ƙarfi da ƙarfi. Bilic in ya gamu da abu mai tsami iska mai shaƙe numfashi yake fitarwa. Kowanne a yi amfani da shi shi kaɗai.

Wanda ya fi mu sanin wannan sha'ani yana nan a bakin layi, wato Baba mai wanki da guga. Shi ba shi da damar cewa rana ba ta fito ba, ranar Alhamis da yamma masu kaya za su zo, kuma in riga ta yi tsami ba za a sake kawo masa ba. Ku tsaya ku kalli aikinsa. Da asuba yake wanki, don kayan su sami yinin gaba ɗaya. Babbar riga ba ya matse ta shi kaɗai, shi da yaronsa suke kama bakin nan da bakin can su murɗa har ta daina ɗiga, sannan ya yarfa ta sau biyu ko uku. Ba ya ninka ta biyu a kan igiya ɗaya, a kan igiya biyu yake baza ta don iska ta bi ta tsakiya. Aljihu ya zaro shi waje, wando ya juya shi bai-bai, saboda ya san inda ruwa yake ɓuya: wuya, ƙugu, bakin hannu, da wurin aiki, inda zare ya yi kauri. In ya ga gari ba alamar rana, yakan rage sitati, don sitati garin rogo ne, in ya jima a jiƙe shi ma tsami yake yi. Kayan da suka kusa bushewa ya bi su da dutsen guga mai zafi, yana dannawa a wurin aiki har tururi ya daina tashi. Sannan, abin da mu ba mu da haƙurin yi, ba ya ninkewa nan take. Sai ya bar rigar ta huce ta sha iska, domin wadda aka ninke da ɗuminta aka cusa a leda gumi take yi a ciki.

Gugar nan tana da wani amfanin da ba kowa ya sani ba. Da rana ta ɗan leƙo muna da al'adar baza kaya a ƙasa, ko a kan ciyawa, ko a kan katanga. Akwai wani ƙuda a ƙasashenmu da yake yin ƙwai a ƙasa mai ƙazanta da kuma jikin tufa mai danshi. Tsutsarsa tana huda fata ta zauna, wurin ya kumbura a ɗauka maruru ne, yara ƙanana sun fi faɗawa. Zafin dutsen guga yana kashe ƙwan. Don haka kayan yara da aka shanya a ƙasa a damina, ko ba za a je ko'ina da su ba, a goge su.

Sauran dabarun duk masu araha ne. A riƙa wanki kaɗan-kaɗan maimakon a tara na mako. A bar tazarar tafin hannu tsakanin tufa da tufa, masu kauri a sa su kusa da taga. A buɗe taga da ƙofa a lokaci guda ko da na awa biyu ne da rana, iska ta shiga ta nan ta fita ta can, raga ta tsare sauro. In an kawo wuta a sauke singiletin nan daga kan fanka a juya ta ta fuskanci igiya, in babu wuta 'yar fanka mai caji ma tana aiki. Rigar makarantar da ake buƙata gobe da safe, a shimfiɗa ta a kan busasshen tawul, a naɗe, a tattaka, tawul ɗin zai tsotse yawancin ruwan. Tawul da zanin gado da fararen singileti da suka riga suka kama wari kuwa, sake wanki da ruwan sanyi ba ya raba su da shi, sai zafi. Digiri 60 ake nema, kuma ba sai da ma'auni ba: a haɗa tafasasshen ruwa da na randa daidai wa daida, a jiƙa kamar minti ashirin, sannan a wanke. Atamfa da shadda mai rini da leshi ban da su, kada a je neman ƙiba a samo rama. Masu injin wanki su ma su riƙa barin murfinsa a buɗe bayan an gama, su kuma daina barin kaya su kwana a ciki.

Mu na Kano da Katsina da Maraɗi ma da sauƙi, markarmu ta 'yan makonni ce. A tambayi mutanen Jos, waɗanda suke zaune a tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ruwa tun Afrilu har Oktoba, ga sanyi a kai. A can wankin bargo shawara ake yi kafin a fara shi. Sai kuma 'yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kai Ingila. Sanyinsu ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, ga gajeren yini. Ka kira su ta bidiyo ka hango hita an lulluɓe ta da kayan yara, gilashin taga yana zubar da ruwa, an toshe kowace kafa saboda tsadar gas. Halin dai shi ne, gari kawai aka canza. Can ma maganin bai sauya ba, sai dai wasu sukan sayi na'urar tsotse danshi su ajiye kusa da shanya, da safe su zubar da ruwan da ta tara su ga da idonsu abin da da bango ne zai sha.

Hunturunmu kuwa nasa salon daban. Shi ma yana kora mu ɗaki da shanya, amma saboda ƙura, don farar riga in ta yini a waje ja take dawowa. Sai dai iskarsa busasshiya ce, danshinta yakan sauka ƙasa da kashi 20, kaya sukan bushe kafin azahar ko a inuwa, jiƙaƙƙen zani a ɗaki ma taimakon hanci da leɓe yake yi. Warin da muke ji a Disamba yawanci ajiyar Agusta ce: bargo da rigunan sanyi da aka cusa a jaka da sauran laima, aka zuge, aka tura ƙarƙashin gado. Shi ya sa iyayenmu, da ruwa ya ɗauke a Oktoba rana ta buɗe, suke fito da komai tsakar gida, katifa da akwati da darduma, su yini suna shan rana. Wannan al'ada ba ta tsufa ba, mu ne muka yi mata ƙiwa.

Saura magana biyu. Ta farko ga masu gina gidajen haya: ɗaki goma a jere, kowanne da 'yar taga ɗaya wadda take kallon katangar maƙwabci, tsakar gida kuma an cinye ta da ƙarin ɗaki. Don Allah a riƙa fitar da taga biyu, a kuma kafa 'yar rumfar kwano a gefe inda za a ɗaura igiya ruwa bai taɓa ba. Kuɗinta bai kai na sake fentin bangon da ruma ta ci ba. Ta biyu gare mu duka: in ka ji tsami a jikin ɗan'uwanka, kada ka matsa gefe ka je kana ba da labari a majalisa. Ja shi waje ɗaya ka faɗa masa cikin mutunci, don shi hancinsa ba zai faɗa masa ba, kuma gobe kai ne za ka buƙaci mai faɗa maka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu ga kaka lafiya.